Kolin da ya taso daga Istanbul ya maƙale a unguwar Zariya

Wani tela a unguwar Zariya ta nan Maraɗi ya kusa rasa ɗinkin ƙaramar Sallah gaba ɗaya a kan koli ɗaya, wato ƙunshin kayan da aka aiko ta gidan waya, wanda nauyinsa bai kai kilo guda ba. Kolin ya taso daga Istanbul, ya sauka Yamai, ya wuce hannun duwan, wato kwastan, ya ci hanyar kilomita kusan 660 ya iso Maraɗi lafiya lau. Tsakanin gidan waya da ƙofar shago ya maƙale. Na shiga lamarin daga tsakiyarsa, domin ni ke karanta wa telan abin da waya ke nunawa da Faransanci, kuma na ga ya cancanci a rubuta shi filla-filla. Duk abin da ya kawo cikas a ciki ƙarami ne, irin wanda kowa a garin nan zai iya faɗawa, kuma kusan kowanne yana da magani tun kafin a liƙe kwali.

Telan yana da keken surfani na kwamfuta, irin wanda ke zuba aiki a wuyan riga da aljihu da bakin hannu. Da shi yake ci, da shi yake biyan yaran shago. Ana dab da kama azumi wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, allon lantarkin da ke sarrafa keken ya ƙone. Mai gyara ya buɗe ya duba, ya ce wannan ba na gyara ba ne, sai dai a sauya. Abin da ɗan Maraɗi ke fara yi shi ya yi: ya ɗauki hoton allon ya tura wa wani dillali a Kano. An zaga, an samo mai kama da shi, amma ba irinsa ba. Sai ƙanensa da ke karatu a Turkiyya ya ce, "Yaya, turo mini lambar da ke jikin allon." Ya samo shi a Istanbul, ya kai gidan wayar can, ya aiko da shi ta EMS, wato hanyar gaggawa ta gidan waya.

A kan kwalin ƙanen ya rubuta abu huɗu: laƙabin da duk gari ya san yayansa da shi, wanda kuma shi ne rubuce a allon shago, sunan unguwa, kwatance cewa shagon yana kusa da masallaci, sai lambar wayar da suke magana da ita kullum. A idonsa ya cika adireshi. A gaskiya biyu daga cikin huɗun nan tarko ne, ɗaya kuma ba ya kai mutum ko'ina, don babu wanda zai ƙirga masallatan unguwar Zariya.

Lambar waya mai rai a WhatsApp, matacciya a kira

Wannan shi ne tushen komai, kuma ina zaton mutane da yawa suna cikinsa ba su sani ba. Telan ya taɓa yar da waya tun da daɗewa. Ya sayi wata, ya sa sabon layi, amma yaron da ya saita masa ya maido masa WhatsApp ɗinsa na tsohuwar lamba tun layin bai gama mutuwa ba. Daga baya layin ya mutu, WhatsApp ya ci gaba da aiki a kan lambar, tunda shi intanet kawai yake buƙata. Mutanen gari suna kiransa a sabuwar lamba. Ƙanen da ke waje kuwa bai taɓa kiransa kira na layi ba, kullum ta WhatsApp suke gaisawa, don haka lambar da ya sani ita ya rubuta, da zuciya ɗaya.

Ma'aikacin gidan waya ba ta WhatsApp yake neman mutum ba. Kira yake yi. Ya kira, aka ce lambar ba ta aiki.

A wata ƙasa wannan ba zai hana komai ba, don gida yana da lamba, titi yana da suna, akwai akwatin wasiƙa a ƙofa. A nan lambar waya ita ce adireshin gaskiya. Garin ba ya rasa tsari: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka hau da gari kan tudu, an yanka tituna miƙaƙƙu, kare-kare. Amma bakin mutane bai riƙe sunan titi ba. Muna cewa bayan farmasi kaza, gaban gidan Alhaji wane, kusa da mai tsire. Mai kawo saƙo yana isa unguwa ne ya kira, a ce masa "tsaya nan, ga yaro nan zuwa". In kiran bai shiga ba, rabin adireshin ya tafi.

Abin da lambar bibiya ke faɗa da abin da ba ta faɗa

Ƙanen ya ɗauki hoton rasit ya turo. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, yaron shago ya kwafi lambar ya sa a shafin bibiya, wato shafin intanet da ke nuna inda koli ya kai, shafin ya ce babu irin wannan lamba. Hankalin telan ya tashi, har ya fara zargin ko an yaudari ƙanensa. A nan aka kira ni.

Lambar koli ta gidan waya tsari guda gare ta a duk duniya. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern ta ƙasar Suwizalan a 1874, mai ƙasashe 192 a yau, ita ta shimfiɗa shi. Gurbi 13 ne: haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe. Harafin farko yana gaya maka irin aiken. E na EMS ne, R na abin da aka yi wa rajista, C na koli na yau da kullum. Haruffa biyun ƙarshe kuma ƙasar da aka saka kayan ce, ba ƙasar da za shi ba: TR Turkiyya, CN Sin, FR Faransa. Daga cikin alƙaluman taran, takwas ne lambar kayan, na taran mai gadi ne. Ana ninka takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya da 8, 6, 4, 2, 3, 5, 9, 7, a tara jimla, a raba da 11, abin da ya saura shi ke haifar da na taran. Shi ya sa in ka kuskure alƙalami ɗaya, yawanci shafin ba zai nuna maka kayan wani ba, sai ya ƙi lambar baki ɗaya. Da muka ƙirga muka ga gurbi 13 sun cika, sai muka nemi ƙanen ya rubuto lambar da hannunsa maimakon hoto. Ashe yaron ya ɗauki 1 a matsayin 7. Aka gyara, tarihin tafiyar ya fito.

Wani abu da ke cin kayan mutanen Nijar bai same mu ba a wannan karon, amma sai an faɗe shi. Alamar Nijar NE ce, ta Nijeriya NG. A kantar gidan waya na ƙasashen nesa, sunayen biyu suna jere a kwamfuta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kuma ma'aikaci ya fi jin sunan ta biyun. Ƙanen ya tsaya ya ga abin da aka zaɓa da idonsa, ya kuma fara lambar waya da +227. Wanda duk zai aiko maka da kaya, ka roƙe shi ya yi haka, ya duba rasit ɗinsa kafin ya bar wurin.

Layukan da suka fito a jere suke: an karɓi kaya a Istanbul, ya bar ofishin da ke fitar da kaya waje, ya iso ofishin da ke karɓar kayan waje a Yamai, yana hannun duwan, ya fita daga hannun duwan, ya iso ofishin da zai miƙa shi. Tsakanin wasu layukan akwai shiru mai tsawo, kuma shirun nan shi ke tayar wa mutane da hankali. Kowane layi ana haifarsa ne lokacin da wani ma'aikaci ya haska zanen lambar da na'ura. Tsakanin haskawa biyu babu mai ba da labari. Kaya na iya kasancewa cikin buhu a filin jirgin Diori Hamani, ko cikin mota tsakanin Dosso da Dogondutsi, ko ya wuce Ƙonni yana dosar Gidan Rumji, shafin kuma yana nan yana nuna maganar shekaranjiya. Bibiya kamar sawu ce a rairayi, inda aka taka take nunawa, mai sawun ya riga ya yi gaba.

Sai layi na ƙarshe ya fito: an yi yunƙurin miƙawa, ba a samu mai kaya ba.

Ranar da aka zo ba a same shi ba

Daga baya ma'aikacin da ya fita da kolin ya ba mu labari da bakinsa. Da kiran ya ƙi shiga bai ajiye kayan ba. Ya ɗora a moto ya shiga unguwar da hantsi, ya yi ta tambayar laƙabin har wani mai shayi ya nuna masa shagon. Ya tarar da shi a garƙame. Duk wanda ya san teloli a watan azumi ya san dalili: dare suke raya wa, daga bayan asham har sahur, sai su kwanta, ba sa buɗewa sai rana ta karya. Babu akwati a ƙofa da zai jefa takardar sanarwa. Ya ce bai yarda ya maƙala ta a jikin ƙyaure ba, iska ko yara su ɗauke. Ya bar sallahu wurin wani yaro da ke zaune kusa, ya koma da kayan. Sallahun bai iso ba.

Har nan ba a yi asara mai yawa ba. Asarar ta zo ne daga abin da ya biyo baya. Yaron shago ya ga layin, ya ce wa maigidansa, "Sun zo ba su same mu ba, za su dawo." Telan ya sa yaro ya riƙa zama a shago tun safe, yana jiran moton da ba za ta zo ba. Layin bai ce za a dawo ba. Abin da ya faru kawai ya faɗa. Bayan yunƙurin da bai yi nasara ba, kaya na komawa ofis a ajiye, kuma daga nan nauyin motsi ya koma kan mai kaya. Ko da ma'aikacin ya so ya sake gwadawa, me zai canza? Lambar dai ita ce matacciya, shagon dai a rufe yake a lokacin aikinsa.

Ajiyar kuma ba ta har abada ba ce. Kowane gidan waya yana da wa'adin da yake riƙe kayan da ba a karɓa ba, na makonni ne, ba na shekara ba, in ya cika a mayar wa mai aike. A takardar da mai aike ke cikewa ma akwai gurbin da ake tambayarsa abin da za a yi in ba a samu mai kaya ba: a dawo masa da shi, ko a ɗauka ya bar shi. Mun tambayi ƙanen, ya ce a dawo da shi ya zaɓa. Wato da telan ya ci gaba da jira, da allon ya sake hawa jirgi ya koma Istanbul, Sallah ta zo ta wuce.

Cikin kwanakin jiran nan ne saƙo ya shigo wayar yaron shago da Faransanci, wai kolinku yana jira, ku danna nan ku biya kuɗin sake kawowa. Ya zo daidai kan gaɓa, har telan ya ce a biya a huta. Abin da ya hana mu shi ne saƙon bai ambaci lambar kolin ba, bai ambaci sunan kowa ba, kuma wayar da ya shigo ba ita ce a kan kwali ba. 'Yan damfara suna watsa irin wannan saƙo ga dubban mutane, da sanin cewa a cikinsu ba za a rasa mai jiran kaya ba. Kuɗin da ya shafi koli a kanta ake biyansa ko a hannun ma'aikaci, a karɓi rasit.

A kantar gidan waya

Na ce masa mu tafi da kanmu. Muka ɗauki lambar a rubuce a takarda, da katinsa na ɗan ƙasa. Matar da ke kanta ta buga lambar, ta shiga ciki, ta fito da kwalin a hannu. Telan ya miƙa hannu, fuskarsa ta washe. Ta ce ya ba ta kati. Ta dubi kati, ta dubi kwali.

"Malam, wannan ba sunanka ba ne."

"Hajiya, ni ne. Duk Zariya da wannan sunan aka san ni. Ki tambayi kowa."

"Ban ƙaryata ka ba, Malam. Amma in na ba ka, gobe wani ya zo da kati mai wannan sunan, me zan ce masa?"

Ransa ya ɓaci, ga azumi ga zafin rana. Ni kuwa a raina na san gaskiyarta. A ƙa'idar gidajen waya ta duniya, kaya mallakar mai aike ne har sai an miƙa shi ga wanda ya cancanta. Ita amana ce a hannunta, kuma abin da kawai ke haɗa mutum da kwali a gabanta shi ne suna. Wannan tsantsenin da ya ɓata masa rai shi ne ya hana wani da ya ji labarin kolin a majalisa ya riga shi zuwa ya ɗauke.

Matsalar suna a wurinmu ta fi yadda ake zato zurfi. Mutum yana da sunan yanka, da sunan da iyaye ke ɓoye shi da shi, da laƙabin sana'a, sannan ga sunan takarda da aka rubuta da harufan Faransanci tun ranar da aka kai shi lakwal. Wanda gida ke kira Ɗanlami, katinsa yana iya cewa Mahamadou. Ɗan'uwan da ya tashi tare da kai ma sai ka ga bai san yadda aka rubuta sunanka a kati ba, don bai taɓa buƙata ba. Kasuwa da unguwa suna tafiya da sunan baki. Gidan waya da banki da duwan suna tafiya da sunan takarda.

Hanyar da ƙa'ida ta tanada ita ce mai aike ya koma gidan wayar da ya saka kayan ya nemi a gyara suna ko adireshi, su kuma su sanar da nan. Hanya ce sahihiya, amma tana cin lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da telan ba shi da shi. Matar ta ce mu jira, ta kai mu wurin shugaban sashen. Dattijo ne mai haƙuri. Ya saurara, ya sa aka kira ƙanen ta bidiyo ya nuna rasit na asali, ya faɗi abin da ke cikin kwalin, ya yi daidai da abin da ke rubuce a takardar duwan da ke manne a jiki. Sannan ya ce:

"Malam, a nan kanta ba ni da abin da zai nuna mini kai ne mai wannan laƙabi. Amma adireshin da ke kan kayan na shago ne. In ma'aikacina ya zo shagon, ya ga allon da sunan, ya same ka a ciki da katinka da takardar patantinka ta harajin sana'a, to ya miƙa kaya inda aka ce a miƙa shi. Ka rubuta a sake kawo maka."

Wannan hukuncinsa ne bisa abin da ya gani, kada wani ya ɗauke shi dokar da zai je ya kafa hujja da ita. Amma hukunci ne na mai hankali, don ya kare amanar ya kuma warware wa mutum matsala.

Yadda aka tsara sake kawowar

A nan ne na ga bambancin cewa "ku sake kawowa" da tsara sake kawowa. Takardar da muka rubuta gajera ce, amma kowane layi a ciki yana toshe ramin da aka faɗa a karon farko. Mun sa lambar kolin cikakkiya. Mun sa sunan kati tare da laƙabi, da bayanin cewa mutum ɗaya ne. Mun sa sabuwar lambar waya, kuma kafin mu bar wurin ma'aikacin ya kira ta, ta yi ƙara a aljihun telan, kowa ya ji. Mun ƙara lambar babban yaron shago. Kwatancen masallaci muka cire, muka fara daga wurin da kowane mai moto ya sani a bakin kwalta, muka ƙirga kwana har ƙofa, muka faɗi launin ƙyaure. Muka karɓi lambar ma'aikacin shi ma, wanda a ganina shi ne abu mafi amfani da muka fito da shi daga ofishin. Muka kuma tambayi ranar da wa'adin ajiya zai cika, da kuɗin duwan da aka yanka wa kayan, don a tanade shi cif, kada a zo ana neman canji.

Lokaci ne ya ɗan ja magana. Telan ya so a kawo bayan la'asar, lokacin da yake buɗewa. Ma'aikacin ya ce a lokacin ya riga ya mayar da jakarsa ofis. Dole ɗaya ya sassauta, kuma mai kaya ne ya kamata. Aka tsaya a kan hantsi, telan ya ce zai hana idonsa barci.

Karon farko na sabon alkawarin bai yiwu ba, don ya faɗo ranar Juma'a, aiki rabin yini ne, kuma kayan da ke gabansa sun yi yawa. Bambancin shi ne wannan karon ma'aikacin ya kira ya faɗa, aka ɗaga zuwa Litinin. Ranar Litinin ya kira daga bakin kwalta, yaro ya je ya taho da shi. Ya dubi allon shago, ya dubi kati da patanti, ya karɓi kuɗin duwan ya ba da rasit. Telan ya duba kwalin ta kowane gefe kafin ya sa hannu, don in akwai ɓaraka ko alamar an buɗe, a gaban ma'aikaci ake faɗa a rubuta. Ba a samu komai ba.

Da daren nan ƙanen ya kira hankali a tashe: "Yaya, har yanzu shafin yana cewa ba a same ka ba." Allon kuwa yana kan tebur a gabanmu. Sai washegari layin ya sauya ya ce an miƙa, bayan an shigar da takardar sa hannun a kwamfuta.

Inda nauyin yake

In za a raba alhaki, mafi yawansa yana kan abin da aka rubuta a kwali, kuma ba na ganin laifin ƙanen a ciki. Abin da ya sani ya rubuta. Mai karɓa ne ya kamata ya tsara adireshinsa da kansa ya tura a rubuce, a kwafa harafi da harafi: suna kamar yadda yake a kati, lambar da ke karɓar kira, lamba ta biyu, kwatance daga wurin da baƙo zai gane, sunan gari da sunan ƙasa a fili. Mu kan bar wannan ga mai aike saboda kunya ko saboda ganin ai ya san mu. Saninsa da mu ne ma ke sa ya rubuta sunan gida.

Kashi na biyu yana kan jira. Mun saba da aiken kamfanonin bas, inda kaya ke sauka a tasha a kira ka, in ba a same ka ba a sake kira, kai ma ka san inda za ka. Da wannan sabon muke auna gidan waya, ga kuma shafin bibiya da ke sa mutum ya ji kamar yana yin wani abu alhali kallo kawai yake yi. Telan ya buɗe shafin nan safe da yamma, bai taka zuwa ofishin da ke cikin garinsu ba. Ranar da layin rashin samu ya fito, a ranar ya kamata a je. Zuwa da kai ya fi saƙo, balle saƙon da na'ura ke bayarwa.

Akwai kuma abin da nake fata daga masu aikin gidan waya, ba don sun gaza a wannan lamari ba, ma'aikacin ya yi fiye da abin da mutane da yawa za su yi. Tsarin da suka gada an gina shi ne a kan gida mai lamba da akwati a ƙofa, garinmu kuwa ba haka yake ba. Da lambar da ta ƙi shiga an gwada ta da saƙon WhatsApp, da an same shi a ranar farko. Da takardar sanarwa tana da wurin da ake barinta a kowace unguwa, a wurin mai unguwa ko wani shago sananne, da sallahu bai dogara da ƙwaƙwalwar yaro ba. Ba abubuwa ne masu cin kuɗi ba. Kuma mutanen da ke sayen kaya daga waje a garin nan ƙaruwa suke yi, teloli da masu gyaran waya da ɗalibai masu jiran takardun shaida, ba manyan 'yan kasuwa kaɗai ba, waɗanda su suna da wakilai a Yamai.

Da a ce kolin ɓacewa ya yi, ba maƙalewa ba, hanyar daban ce: mai aike ne ke shigar da neman bincike a gidan wayar da ya saka kayan, da rasit ɗinsa na asali. Shi ya sa muka ce wa ƙanen kada ya yar da rasit sai ya ji kaya a hannu. Ba mu kai ga buƙatar hakan ba.

Mai gyara ya ɗaura allon a daren da ya iso, keken ya tashi. Amma goman tsakiya ta riga ta yi nisa. Wasu masu shadda sun zo sun karɓi kayansu sun kai wani wuri, telan bai hana su ba, bai kuma ji haushinsu ba, don shi ma ya san yaro ba ya jin uzuri ranar Idi. Abin da ya rage ya raba dare yana yi, wasu riguna sai ranar jajibere aka karɓa, kaɗan kuma sai bayan Sallah. Ya mayar da WhatsApp ɗinsa kan sabuwar lamba. Bayan Sallah shi da wasu teloli na layinsu suka yi karo-karo suka kama akwati guda a gidan waya, mabuɗin yana hannun babbansu, kuma kowannensu ya tura wa masu yi masa aike hoton katinsa don a kwafi suna daga can.